Kafin ka ɗaga diga, tambayi mai gini

Yau zancenmu a kan tsofaffin gine-gine ne: wa ke da ikon rushe su?

Mu fara daga Tibati. Haman Sambo ne ya kafa sarautar garin a ƙarni na 19, aka kewaye shi da ganuwa da gwalalo, har sojojin Jamus suka ci shi da yaƙi a 1899. Abin da ya rage na irin waɗannan wurare, yau ba bindiga ke cinye shi ba, sai mai neman filin kanti da mai haƙar ƙasar bulo. To, ɗan'uwa, in ka sayi fili da tsohon bango a ciki, kada ka ce tun da kuɗinka ne, sai yadda ka ga dama.

A nan Kamaru ƙofa biyu za ka ƙwanƙwasa. Dokar tsara birane ta 2004 ta tanadi takardar izinin rushewa, kuma magajin gari ne ke ba da ita. Sannan akwai dokar kare kayan tarihi ta 18 ga Afrilu 2013. In an shigar da ginin cikin jerin waɗanda gwamnati ta keɓe, takardar magajin gari kaɗai ba ta isa ba, sai ma'aikatar al'adu ta yarda.

Ka tsallaka Najeriya, maganar tana hannun hukumar gidajen tarihi ta tarayya, wadda dokar 1979 ta kafa. Ginin da aka ayyana na ƙasa ne, kamar ganuwar Kano ko Gidan Makama, laifi ne a taɓa shi ba da izininta ba. Amma duk da haka, a 2010 an rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa hanya. Daga baya an gina sabuwa, sai dai sabuwa ba ta zama waccan ta kakanni ba.

A Nijar kuwa, dokar 30 ga Yuni 1997 ce ke aiki. Tsohon garin Agadas ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013, don haka ko gyaran gida a tsakiyarsa yana da ƙa'ida. Amma a Damagaram, ruwan sama ne ya kayar da tsohon masallacin Birni a Satumba 2024. Ka ga ke nan, doka tana hana diga, ba ta yaɓe katanga. Ginin ƙasa sai da yaɓe kafin damina.

Saboda haka, Alhaji mai kanti, kafin ka biya kuɗin fili, je fadar Lamiɗo ka ji tarihin wurin, ka je ofishin magajin gari ka ji ko an keɓe shi. Takardar da ka karɓa a Garwa ba ta aiki a Yola. In ka yi gaban kanka, ana iya tsayar da aikin, ga tara, ga asarar siminti. Kai kuma Malam makiyayi, kada ka bi da garke ta kan tsohuwar ganuwa. Kofato yana zaizaye ta, ruwa ya ƙarasa.

Matambayi ba ya ɓata. Allah ya kiyaye hanya, ya albarkaci dukiya.