Sunan Ɗan Wabi a Rajistar Makaranta

A Tawa da ƙauyukan arewacin Adar, akan raɗa wa jariri sunan yanka a rana ta bakwai, amma lakabin da kakanni suka liƙa masa shi ne yakan bi shi har girma. Ɗan wabi, wato wanda yayyensa suka yi ta rasuwa tun suna jarirai, akan kira shi Ajuji ko Ayashe domin mutuwa ta raina shi ta wuce, dabarar da take cike da ƙauna. Sai dai 'yan makaranta ba su san wannan tarihi ba, juji kawai suke ji su kama tsokana. Don haka ya kamata iyaye su tsaya kan sunan yanka lokacin yin takardar haihuwa a ofishin magajin gari, domin gyara daga baya sai an je gaban alƙali.