Bashin wutar tsohon ɗan haya: wa zai biya?

Mutum ya tare a sabon gida, ko wata bai cika ba, sai ga takardar kuɗin wuta, a Maraɗi a ce faktir, a Katsina a ce bil, ɗauke da kuɗin da ko mai injin niƙa ba zai sha ba. Galibi bashin wanda ya tashi ne aka jibga masa.

To, kada tsoron yanke wuta ya sa ka yi saurin biya, karɓo kuɗin daga baya aiki ne ja. Tun ranar da ka amshi makulli, ɗauki hoton mita da wayarka, lambobin su fito sarai, mai gida na tsaye. Hoton nan shi ne shaidarka. Haɗa shi da takardar haya mai kwanan wata, ka je ofishin kamfanin, NIGELEC ne ko KEDCO, ka kai ƙorafi a rubuce, a buga maka hatimi a kwafinka. Maganar fatar baki, wallahi, ba ta shiga fayil. Ka nemi a mai da asusun da sunanka, wutar da ka sha da kanka kuma ka biya ta.

A Najeriya, in kwana 15 na aiki suka wuce ba a warware ba, sai ka wuce hukumar NERC; a Nijar akwai ARSE. Mita mai kati ma a bincika, don akan ɗora mata tsohon bashi, a riƙa zaftarewa duk sayen kati.