Jawabin Naɗin Shugaban Sashen Kwamfuta na Asibiti

 

Injiniya, ƙanena, kujerar da hukuma ta ɗora ka a kai yau, ko da yake jama'a za su zaci ta kula da na'urori da wayoyi ce kawai, haƙiƙaninta amana ce, domin a ɗan ɗakin nan mai sanyi na ƙarshen baranda, inda na'urori ke gurnani dare da rana, nan aka adana asirin bayin Allah: cutar da magidanci ya ɓoye wa iyalinsa, da sakamakon gwajin jinin da wata baiwar Allah ta karɓa hannunta na rawa. Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta wajabta maka tsare su, amma tun kafin doka shari'a ta riga ta haramta tonon asiri.

Ka tuna da abin da ya auku a watan Mayu na 2017, sa'ad da muguwar manhajar nan WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, ta afka wa asibitocin Ingila har aka fasa ganin dubban marasa lafiya, alhali kuwa tun watan Maris kamfanin Microsoft ya fitar da abin toshe kafar da manhajar ta bi ta shiga, sai dai wurare da yawa ba su sanya shi ba. Ilimi bai yi ƙaranci a Ingila ba. Gafala ce ta shiga. Saboda haka idan ka ga ɓaraka, ka zo ka faɗa mana a fili, ko da maganar za ta ci kuɗi, ko da fuskokinmu za su canja, kada kunyar manya ta sa ka yi shiru.

Yaran da ke ƙarƙashinka, waɗanda ba a tunawa da su sai intanet ya ɗauke, kamar yadda ya faru a watan Maris na 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace, ka riƙe su da adalci, ka koyar da su har su iya tsayawa ranar da ba ka nan.

Ga mabuɗin ɗakin, karɓi. Allah ya taya ka riƙo, ya sa ka gama lafiya.