Taimakon Gwamnati Ga Masu Ƙaramin Ƙarfi: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu

A kowace gunduma akwai magidanta masu lafiya, suna noma ko sana'a, amma abin da suke samu ba ya kai su ƙarshen shekara. Saboda irin waɗannan ne Gwamnatin Tarayya ta kafa shirin ba da taimakon kuɗi a shekarar 2016, da rancen dala miliyan 500 daga Bankin Duniya. A wancan shiri gidan da aka zaɓa yakan sami naira 5,000 a wata, ana biya 10,000 duk wata biyu. A shekarar 2023 kuma aka fito da wani sabo, watau naira 25,000 a wata har wata uku.

Ba a neman wannan taimako da takardar roƙo. Hanyarsa ita ce shiga babban rajistan masu ƙaramin ƙarfi na ƙasa. Ma'aikatan ƙaramar hukuma sukan zo gari su tara jama'a, maza dabam, mata dabam, samari dabam. Kowane rukuni shi zai faɗi abin da ake kira talauci a garin, sa'an nan ya ambaci gidajen da abin ya shafa. Bayan an daidaita sunayen, masu ƙidaya su bi gida gida suna tambayar yawan iyali, da sana'a, da abin da aka mallaka. Daga nan a aika da bayanin ofishin jiha.

Abu uku ya kamata hakimi ya sanar da dagatai da masu unguwa. Na fari, shiga rajista kyauta ne. Duk wanda ya nemi kuɗin takarda macuci ne, sai a kai ƙararsa. Na biyu, shiga rajista ba alkawarin biya ba ne, gama daga cikinsa ake zaɓen waɗanda za a ba gwargwadon kuɗin da ke akwai. Na uku, tilas mai karɓa ya kasance da lambar katin ɗan ƙasa, domin da ita ake tabbatar da shi kafin kuɗi ya shiga asusunsa.

A nan ne aikin malamin hakimi yake da nauyi. Kadan aka rubuta Muhammadu a rajista alhali katin mutum yana ɗauke da Mamman, kuɗin yana iya tsayawa, iyali su yi ta jira ba su san dalili ba. Lalle malami ya duba kowane suna ya yi daidai da na kati.

Hakimi kuwa ba shi ke zaɓen sunaye ba, aikinsa tsare gaskiya. Ya tabbata an yi shela har rugage da ƙauyukan nesa, kuma kada a yi taron ranar kasuwa. Kadan ɗan'uwan dagaci mai shanu ya shiga, aka bar ɗan ƙwadago mai 'ya'ya bakwai, jama'a za su gani, kuma sunan hakimi ne zai ɓaci.

Allah ya taimaki sarakuna, ya ba su ikon riƙon amana.