Allon Zakariya: Jawabi Ga Dattawan Ikilisiyoyin Yankin Mashi



Cikin Luka sura 1, da bakin Zakariya ya rufe, 'yan'uwansa ba su tsaya jira sai ya warke ba. Ya nemi allo, aka miƙa masa, ya rubuta sunan ɗansa Yohanna. Wannan allon muke roƙo a miƙa wa waɗansu 'ya'yanmu.

Akwai yaron da ba ya magana, ba ya kallon ido, yana toshe kunne in an kunna lasifika. Wannan halin ana ce masa galahanga, likitoci kuwa suna kiransa otizim. Mun saba cewa taurin kai ne ko aljanu, uwarsa kuma ta daina zuwa sujada don kunya. Tun 1985 aka fara koya wa irin waɗannan yara yin magana da hotuna a Amurka. Yaro ya miƙa hoton kofi, a ba shi ruwa. Ya miƙa na bayan gida, a kai shi. Kwali da almakashi kawai ake bukata, zumuntar mata za ta iya yanka su a yamma ɗaya. Abin toshe kunne ma ba shi da tsada, ko da yake rage ƙarar lasifikarmu ya fi araha, tsofaffi kuma za su gode.

Wayar hannu ma allo ce. Mai shan maganin farfaɗiya ko na taɓin hankali, a sa masa ƙararrawa ta tuna masa lokaci. Yanke magani farat ɗaya yakan dawo da ciwon, don haka kada wani mai wa'azi ya ce a ajiye ƙwaya domin azumi. Wanda haruffa ke rikice masa, a zuba masa Littafi Mai Tsarki na saurare a waya.

A watan Oktoba 2019 'yan sanda sun fito da mutane ɗaure da sarƙa daga wani gidan mari a Daura. Kada mu nuna wa kowa yatsa, domin a gidajen masu bi ma ana ɗaure marasa lafiya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairu 2023 ta maye gurbin ta 1958, ta kuma ba su 'yancin a yi musu magani cikin mutunci.

Muna roƙon kowace ikilisiya ta zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa raka iyali zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, a kuma cire kuɗin mota daga baiko.