Jawabin Malamin Gona a Masama: Yadda Ake Busar da Dabino da Zafin Rana

Ga jawabin da wani malamin gona ya yi wa manoma a garin Masama ta ƙaramar hukumar Gwandu, inda waɗansu manoma daga yankin Kalgo ma suka halarta.

  

Kowa ya san gero da dawa da shinkafa da albasa su ne ƙarfin noman wannan yanki. Dabino kuwa tsilli-tsilli yake, gindi biyu a wannan gida, uku a bakin waccan fadama. To amma mai gindi biyun nan shi ya fi kowa jin zafin asara. Yakan yi shekara yana jiran itacensa, ya sare nonon dabino, kafin mako ya zagayo rabi ya yi tsami, sauran kuma ya sayar da shi a wulaƙance don gudun kada ya ruɓe.

Me ke kawo haka?

Larabawa sukan ce dabino yana son ƙafarsa cikin ruwa, kansa cikin wuta. Wato saiwa ta sami danshi, 'ya'ya kuwa su nuna cikin zafi ba tare da ruwan sama ya taɓa su ba. Shi ya sa ƙasashe irin su Masar da Saudiyya da Aljeriya suka yi fice a nomansa. Shi ya sa kuma na Agadas da Bilma a ƙasar Nijar yake bushewa tun yana kan itace.

A nan ƙasar Hausa abin ya sha bamban. Dabino kan yi 'ya'ya sau biyu a shekara. Na rani yana samun rana sosai. Ɗayan kuwa nunarsa takan haɗu da damina. Ruwa ya dake shi, fatarsa ta tsage, ƙuda da ƙwari su shiga, sai tsami da fumfuna su biyo baya.

Asalin matsalar ruwan da ke cikin ɗan dabinon ne. Lokacin da ya yi ja ko rawaya yana da tauri, rabin nauyinsa ko fiye duk ruwa ne. Idan ya yi laushi ruwan yakan ragu zuwa wajen kashi 35 ko 40 cikin 100. Ba ya ajiyuwa sai ruwan ya sauka ƙasa da kashi 25 cikin 100. Aikin shanya ke nan, a fitar da wannan ruwa kafin ruɓa ta riga manomi.

Shanya a kan tabarma ko rufin ɗaki ita aka gada, amma tana da illa. Ƙura tana sauka, kaji da awaki suna ɓarna, ƙuda yana yin ƙwai a kai. Hadari ya taso, aikin kwana uku ya lalace cikin ƙanƙanen lokaci.

Akwatin shanya

Maganin wannan shi ne akwatin shanya mai aiki da zafin rana. Ba ya cin mai, ba ya bukatar lantarki. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1982 a jami'ar da ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a yau, ta daɗe tana aiki a kan irin waɗannan kayan shanya. Amma kafintan ƙauye ma zai iya haɗa mai sauƙi.

A yi akwatin katako mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 3. Bayansa ya ɗan fi gabansa tsayi, domin murfin ya yi gangare ruwan sama ya zurare. Wanda ba shi da halin katako ya gina shi da tubalin ƙasa. A shafa wa cikinsa baƙin fenti ko a shimfiɗa baƙar leda, gama baƙi shi ke kama zafi. A tsakiya a kafa faranti na raga, irin ragar taga, inda za a baza dabino. A rufe sama da leda mai kauri wadda ake ganin ciki, ko gilashi.

Sai a huda ƙofofin iska, waɗansu a ƙasa ta gaba, waɗansu a sama ta baya, a toshe su duka da raga saboda ƙuda. Iska tana shiga ta ƙasa, ta yi zafi, ta kwashi danshin dabino ta fice ta sama. Akwatin da ba shi da waɗannan ƙofofi ba shanya yake yi ba, dahuwa yake yi.

A ɗaga akwatin daga ƙasa, a sa ƙafafunsa cikin gwangwanaye masu ruwa don kada kiyashi ya hau. Daga watan Satumba zuwa Maris rana tana karkata kudu, saboda haka a sa gangaren murfin ya dubi kudu. Da damina kuwa rana kusan tsakar ka take, abin lura kawai kada inuwar bango ko ta itace ta rufe shi.

Yadda ake shanyar

Na farko, kada a yi gaggawar sara. A bari sai 'ya'yan sun juya launi, waɗansu sun fara laushi daga baki. Koren dabino ko ya shekara cikin akwati ba zai yi zaƙi ba.

Na biyu, a tsince wanda ya fashe da mai tsami da mai tsutsa, a ware su. A ɗauraye sauran da ruwa mai tsabta, a bari ya tsane.

Na uku, a baza shi ɗaya-ɗaya, kada a tula wani kan wani. A juya shi sau biyu a yini. Da yamma a kwashe farantin a kai ɗaki, saboda raɓa da ruwan dare.

Na huɗu, a lura da zafi. Digiri 50 zuwa 60 shi ne daidai, kuma zafin nan yana kashe ƙwari da ƙwansu. Idan ya kai 70 sukarin dabino yakan ƙone. In aka ga fatar tana kumbura tana baƙi, ko aka ji ƙauri, a ɗan ɗaga murfin.

Ba kwanaki ake ƙidayawa ba, dabinon ake dubawa. A matsa shi da yatsa. Idan ruwa bai fito ba, fatar ta yi tamoji, ƙwallon kuma ya rabu da tsokar salin-alin, to ya yi.

Ajiya da ciniki

A bar shi ya huce tukuna. Sa'an nan a zuba a tulu ko bokitin roba mai murfi, busasshe, a ajiye a wuri mai sanyi. Kada a yi amfani da buhun takin zamani ko mazubin maganin feshi. Kada kuma a barbaɗa masa maganin ƙwari, domin dabino ba a dafa shi kafin a ci. A riƙa buɗewa kowane wata, in an ga alamar danshi a mai da shi akwati yini guda.

Gaskiya ɗaya ce, nauyi zai ragu. Kilo 10 na ɗanye zai koma wajen kilo 6 da rabi. Amma mai ɗanye dole ne ya karɓi abin da mai saye ya taya a ranar. Mai busasshe kuwa yana iya jiran lokacin azumi, sa'ad da kowane gida ke neman dabinon buɗa baki. A 2025 a watan Maris aka yi azumi. Dabinon da aka sare da damina sai ya yi wata shida ko bakwai a ajiye kafin ya riski irin wannan kasuwa, kuma busasshe kaɗai ke iya wannan jira.

Akwatin yana da iyakarsa. Ranar da gari ya yini a lumshe, kamar yadda yakan yi a watan Agusta, aikinsa kan ragu ƙwarai. Leda kuma rana tana cin ta, sai an riƙa sakewa.

Wani zai ce, don gindi biyu zai kashe kuɗi? Ai akwatin ba na dabino kaɗai ba ne. Da shi za a yi kauɗar tumatir, a busar da tattasai da barkono da kuɓewa, a same su fes ba yashi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maƙwabta huɗu ko biyar, ko ƙungiyar mata, su haɗa kuɗi su yi guda ɗaya su riƙa karɓa-karɓa.

Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa ko ofishin hukumar KARDA. Mai son ingantaccen dashe kuma, akwai tashar binciken dabino ta hukumar NIFOR a Dutse, jihar Jigawa.

A haɗa akwatin tun da bazara, kafin hadarin farko ya taso. Allah ya ba da damina mai albarka, ya sa a ci moriyar abin da aka noma.