Gwajin Sinadaran Surenal a Magarya da Dungas: A Ɗebi Jini, A Yi Allura, Sannan A Aika



Surenal 'yar tsoka ce da ke zaune a kan kowace ƙoda, nauyinta bai fi giram 5 ba. Ɓawonta yana fitar da sinadarai iri uku zuwa cikin jini: kortizol, mai riƙe matsin jini da sukari idan ciwo ya taso, aldosteron, mai hana gishirin jiki zurarewa ta fitsari, da kuma sinadaran namiji, waɗanda aka fi auna DHEA-S a cikinsu. Duk ana iya auna su da ɗan jini kaɗan. Abin da wannan takarda ke son tabbatarwa shi ne, Magarya da Dungas suna da buƙatar wannan gwaji, amma sayen na'urarsa a ajiye a kowane asibiti shi ne mataki na ƙarshe da ya kamata a yi tunani a kai. Akwai abubuwan da suka riga shi: tambayar da ta dace a bakin gado, awon sodiyom da potasiyom, kwalbar hidrokortizon, wato kortizol na allura, a cikin kabad, da hanyar da jini zai bi ya isa Damagaram ba tare da an ɗora majinyaci a mota ba.

Rukuni mafi girma na masu larurar gazawar surenal ba su san suna da ita ba, domin da kuɗinsu suka saye ta. Duk wanda ya zaga kasuwannin ƙauye a wannan yanki na bakin iyaka ya ga tiren mai tallan magani, ya kuma ga ƙananan ƙwayoyin deksametazon da prednizolon ana ƙirga su ɗai-ɗai. Tsoho yana sha don ciwon gwiwa, mai asma yana sha don numfashi, budurwa tana sha don ta yi ƙiba kafin biki, har abin ya samu laƙabin sha-ka-fashe. Ga kuma man bilicin mai ɗauke da klobetazol ko betametazon, wanda ake shafe jiki da shi safe da yamma, fata kuwa tana tsotse shi zuwa jini. Waɗannan duka 'yan uwan kortizol ne da aka haɗa a masana'anta, sun kuma fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba: miligiram 0.75 na deksametazon daidai yake da miligiram 20 na hidrokortizon, wato kusan abin da jikin baligi ke buƙata a yini guda. Idan aka ɗauki mako 3 zuwa 4 ana sha, ƙwaƙwalwa takan daina aika wa surenal umarni, surenal ɗin ta kwanta ta motse, kamar gidan da ake kawo wa tuwo daga maƙwabta kullum har murhunsa ya mutu. Ranar da kuɗi suka ƙare, ko aka kwantar da mutum a asibiti babu wanda ya san abin da yake sha, ko zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, sai jini ya faɗi ƙasa warwas, a yi ta ƙarin ruwa ba ya tashi. Babu na'urar da ta kai tambaya saurin gano wannan. Sai dai tambayar tana son dabara, don wadda aka ce wa "Kina shan magani?" za ta ce a'a da gaskiyarta, tunda a wurinta ƙwayar ƙiba da man shafawa ba magani ba ne. A tambaye ta abin da take saya a tire, a ce ta kawo kwalin mai. Kumatun da suka cika suka yi zagaye, da faffaɗan nankarwa a cinya da hamata, da fatar da ta yi siriri har jijiyoyi na bayyana, sukan ba da amsa kafin baki.

Rukuni na biyu tsofaffin sanannu ne. A shekarar 1855 Thomas Addison na asibitin Guy's da ke Landan ya bayyana majinyata 11 da surenal ɗinsu ta lalace, kuma tarin tibi ne ya cinye ta a fiye da rabinsu. A Turai wannan dalili ya ja baya, a ƙasashe irin namu yana nan. Alamomin wannan cuta ta Addison kasala ce, da rama, da jiri idan an miƙe, da kwaɗayin gishiri, da duhun fata. A baƙar fata kuwa ba a fuska ake neman duhun ba, a dasashi ake dubawa da cikin kumatu da layukan tafin hannu. Akwai wani tarko a nan da ya kamata duk mai raba maganin tibi ya sani: rifamfisin yana sa hanta ta gaggauta rusa kortizol, saboda haka wanda surenal ɗinsa ke kan gaɓa yana iya faɗuwa a makonnin farko na magani, a ɗauka tibin ne ya ci ƙarfinsa. Kusa da wannan akwai matan da suka zubar da jini da yawa wajen haihuwa, jinin ya yanke wa 'yar tsokar da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, wadda ita ce ke ba surenal umarni. Nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ƙi dawowa, gashin hamata ya zube, mace ta yi shekaru tana ja da ƙyar ana cewa iska ce ko sammu. Wannan ita ce cutar Sheehan, kuma tun 1991 likitoci a Yamai suka wallafa bayanin mata 40 da suka gani da ita.

Rukuni na uku ya fi ƙanƙanta, ya kuma fi ban tausayi. Akwai jariran da ake haifa surenal ɗinsu ba ta iya kammala haɗa kortizol da aldosteron, sai kayan haɗin su taru su karkata zuwa sinadarin namiji. A duniya ana samun wannan a wajen haihuwa 1 cikin 15,000, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na yaran suna zubar da gishiri. Gado ne da sai uwa da uba duka suna ɗauke da shi a ɓoye, shi ya sa auren zumunci ke ƙara yiwuwarsa, kuma ga ma'auratan da suka taɓa haifar irin wannan yaro, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Idan mace ce, ungozoma takan ga al'aurar ta rikice tun ranar haihuwa, a shiga raɗe-raɗin mata-maza, wani lokaci a raɗa mata sunan namiji ranar bakwai. Idan namiji ne babu abin da ido zai gani. A yanka rago, a yi suna lafiya, sai a mako na biyu ko na uku ya fara ƙin nono, yana amai, maɗiga ta faɗa, nauyinsa yana raguwa. Duk wanda ya gan shi zai ce ƙwayar cuta ce ta shiga jini, a ba shi maganinta, kuma ba laifi ba ne a yi hakan. Abin da ke raba su shi ne awon gishiri: sodiyom a ƙasa, potasiyom a sama, a jikin yaron da ba ya gudawa. Sinadarin da ke tabbatar da cutar sunansa 17-OHP, kuma tun 1977 aka nuna ana iya auna shi daga ɗigon jinin diddige da ya bushe a kan takarda. Uwar da ta ce 'ya'yanta maza biyu sun rasu kafin arba'in da irin wannan amai ta riga ta ba da rabin sakamakon.

Za a ce, kuma da hujja, wannan magana ce ta masu hali. Ƙidayar 2012 ta ba Magarya da Dungas sama da mutum 900,000 a haɗe. Idan aka bi lissafin duniya, irin waɗannan jarirai ba za su wuce 'yan ƙalilan a shekara ba. A gefe guda kuma, a watan Satumba na 2018 ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aiki a Magarya tun 2005, ta sanar cewa yara fiye da 700 ne kwance a sashen yara na asibitin, kuma kimanin 10 suna rasuwa kowace rana, akasarinsu da zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Wa zai ɗauke sefa ɗaya daga wannan yaƙi ya kai ga cutar da ba a cika gani ba? Wannan suka ta rushe shawarar a yi wa kowane jariri gwajin diddige kamar yadda ake yi a Faransa da Amurka, kuma na yarda a ajiye ta a yanzu. Amma ba ta taɓa abin da nake kira a kai ba. Na'urar awon sodiyom da potasiyom ba ta surenal kaɗai ba ce. Yaro mai tamowa, da mai gudawa, da mai ciwon ƙoda, da mai naƙuda da jininta ya hau duk suna amfana da ita. Hidrokortizon na allura magani ne mai araha da ake buƙata don asma mai tsanani ma. Tambaya kuwa kyauta ce. Abin da ya rage mai tsada, wato awon sinadarin kansa, za a yi shi ne ga ƙalilan ɗin da waɗannan matakai suka tace.

Dalilin da ya sa ba na goyon bayan warwatsa na'urar shi ne, lambar kortizol tana yaudarar wanda bai saba da ita ba. Sinadarin yana hawa da asuba ya sauka da dare, don haka jinin da aka ɗiba da la'asar ba ya faɗin komai game da ƙarancinsa. Wajen ƙarfe 8 na safe ake so. Ƙa'idar da ƙungiyar Endocrine Society ta fitar a 2016 ta ce abin da ya gaza nanomol 140 a lita da safe, tare da hawan sinadarin ACTH, wato umarnin da ke zuwa wa surenal daga ƙasan ƙwaƙwalwa, yana nuna surenal ta gaza, kuma inda ake shakka a yi allurar gwaji a ga ko lambar za ta haura 500. Amma mai ciki da mai shan ƙwayar tazarar haihuwa mai ɗauke da estrojen lambarsu takan fito sama alhali suna iya kasancewa cikin rashi. Wanda furotin ɗin jininsa ya yi ƙasa tasa takan fito ƙasa alhali surenal ɗinsa na aiki. Prednizolon yakan shiga awon ya yi kama da kortizol, deksametazon kuma ba ya bayyana sam, sai dai ya danne lambar. Bakwaini da jariri marar lafiya 17-OHP ɗinsu yakan hau ba tare da cutar ba, haka ma kowane jariri a kwana biyun farko. DHEA-S ya fi su natsuwa domin bai damu da safe ko yamma ba, yana da amfani ga macen da gemu ya fito mata farat ɗaya ana tsoron ƙari a surenal, amma shi ma sai an karanta shi da shekarun mai shi. Ɗakin gwajin da ke yin irin wannan awo sau biyu a wata, kayan haɗinsa za su lalace kafin a gama kwali, hannun ma'aikacinsa kuma ba zai faɗa ba. Gara a tara aikin wuri ɗaya a Damagaram, inda babban asibitin ƙasa da sashen koyar da likitanci na Jami'ar André Salifou suke, kowane sakamako ya fito da layi biyu na fassara.

Tsarin aikin a bakin gado gajere ne. Idan ana zargin surenal ta gaza kuma majinyaci yana faɗuwa, a ɗebi jini a kwalba, a rubuta lokaci da duk abin da yake sha ko shafawa, nan take a yi masa hidrokortizon, miligiram 100 ga baligi, 25 ga ɗan ƙasa da shekara 3, a haɗa da ruwan gishiri ta jijiya da sukari idan ya sauka. Allura ɗaya ga wanda ba ya buƙata ba ta da wata illa mai yawa, jinkirinta ga mai buƙata kuwa ajali ne. Jinin zai iya jira: kortizol da 17-OHP da DHEA-S suna daɗewa kwanaki a firiji idan an tace ruwan jinin. ACTH ne kaɗai mai saurin lalacewa, kuma ana iya yanke hukunci mai yawa ba tare da shi ba. Hanyar aikawa ma ba sabuwa za a share ba. A annobar sanƙarau ta Nuwamba 2022 zuwa Janairu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 a jihar Damagaram, 342 daga cikinsu a Dungas, kuma an tabbatar da 111 a ɗakin gwaji. Motar da ta ɗauki ruwan ƙashin baya a wancan lokaci, da wadda ke ɗaukar majinar masu tibi, ba za ta ji nauyin ƙarin kwalba biyu ba.

Wani zai ce, tunda an yi allura mutum ya farfaɗo, me ya rage wa gwaji? Abin da ya rage shi ne sanin wanda zai sha magani har ƙarshen rayuwarsa da wanda za a yaye a hankali. Mai sha-ka-fashe rage masa ake yi sannu-sannu, ana auna kortizol ɗin safe har surenal ta farka, abin da kan ɗauki watanni. Mai cutar Addison da jaririn da aka haifa da larurar ba su da ranar dainawa. A ɗora wa wanda bai cancanta ba maganin dindindin, an jawo masa ciwon sukari da hawan jini da raunin ƙashi. A cire wa wanda ya cancanta, an kashe shi. Wani kuma zai ce Kano tana kusa, mutanenmu sun saba zuwa asibitin Malam Aminu Kano. Gaskiya ne, kuma masu hali za su ci gaba da zuwa. Amma Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, kuma ba a gina tsarin lafiyar jama'a a kan ƙofar da makullinta ke hannun wani. Masu dawowa da takarda daga can, a duba ma'aunin da aka yi amfani da shi: mikrogiram 5 a desilita shi ne wajen nanomol 140 a lita, wanda ya karanta ɗaya a matsayin ɗayan zai yi mummunan kuskure.

Akwai sharaɗi ɗaya da idan bai cika ba gara kada a fara. Ƙwayar hidrokortizon da ta fludrokortizon, wadda ke maye gurbin aldosteron, duka suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma dole su kasance a ma'ajiyar magani ta Magarya da ta Dungas kafin kwalbar jini ta farko ta tashi. Deksametazon na tire ba ya riƙe gishiri ko kaɗan, yana kuma tsumburar da yaro, don haka ba madadi ba ne. Kulawa kyauta ga 'yan ƙasa da shekara 5, wadda Nijar ta fara a 2006, ya kamata ta haɗa da waɗannan ƙwayoyi biyu, a kuma tanadi abin da zai biyo bayan shekara ta biyar. Kowane majinyaci a ba shi kati da Hausa da Faransanci, a koya wa shi da na kusa da shi cewa ranar zazzaɓi ana ninka ƙwayar sau biyu ko uku, ranar amai kuma allura ake nema a asibiti mafi kusa, musamman daga Yuli zuwa Oktoba da sauro ke kan ganiyarsa.